Gerald Russell

Gerald Francis Morris Russell (12 ga Janairu 1928 zuwa 26 ga Yuli 2018) likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Birtaniya, wanda ya ƙarar da mafi yawan shekarun aikinsa wajen jinya da bincike a kan cututtukan da ke dagula cin abincin mutum. Shi ya fara bayyana alamomin bulimiya, wato cutar cin abinci mai yawa a lokaci guda sannan a jawo amai, a shekarar 1979, shi kuma ya jagoranci gwajin da ya nuna amfanin sa iyaye cikin jinyar matasa masu anoreksiya, wato cutar ƙin cin abinci har mutum ya rame.

Karatu da aiki

An haife shi a Beljiyam, ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara da ke Sikotilan, ya kammala a 1950. Ya fara samun horo a fannin cututtukan jijiya kafin ya koma asibitin Maudsley na birnin Landan, inda ya yi aiki a ƙarƙashin likitan ƙwaƙwalwa Aubrey Lewis. Ya zama farfesa a asibitin Royal Free daga 1971 zuwa 1979, sannan ya dawo Maudsley da Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙwaƙwalwa da ke maƙwabtaka da shi, ya riƙe kujerar farfesa har ya yi ritaya a 1993. Horon da ya fara da shi ya bar masa ɗabi'ar da bai taɓa saki ba: yakan duba jikin majinyaci da kyau, nauyinsa da jininsa da abin da yunwa ta yi masa, kamar yadda yake sauraron abin da ke ransa.

Anoreksiya

Cutar ba sabuwa ba ce a zamaninsa. Tun 1873 William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris suka yi bayanin 'yan mata masu ƙin cin abinci har su rame su ƙanjame ba tare da an gano wata cuta a jikinsu ba. Amma an daɗe ana ja-in-ja a kan asalinta, wasu na cewa matsalar sinadaran jiki ce, wasu na cewa ta zuciya ce zalla. A 1970 Russell ya tsara alamomi uku na gane ta: majinyaci na rage cin abinci da gangan har nauyinsa ya zube, aikin sinadaran haihuwa na tsayawa, wanda a wajen mata yake bayyana da ɗaukewar al'ada, sannan akwai tsananin tsoron ƙiba da ya wuce hankali. A 1975 shi da H. G. Morgan suka fito da ma'aunin bibiyar yadda majinyata ke kasancewa shekaru bayan jinya, wanda masu bincike suka daɗe suna amfani da shi.

Gano bulimiya

A shekarun 1970 ya lura da wasu majinyata da ba su dace da wancan bayani ba. Da yawansu nauyinsu daidai yake, wanda ya gan su a hanya ba zai ce suna da wani ciwo ba. Abin da ke damunsu a ɓoye yake. Sha'awar ci takan taso musu da ƙarfin da ba sa iya tarewa, su kulle kansu su cinye abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, da zarar sun gama sai kunya da firgicin ƙiba su rufe su, su tafi su sa yatsa a maƙogwaro su yi amai, ko su sha maganin wanke ciki fiye da ƙima. Bayan haka sai su matsa wa kansu da yunwa, yunwar kuma ta sake jefa su cikin wani cin. Wasu sukan yi shekaru a haka ba tare da wanda suke gida ɗaya da shi ya sani ba.

Ya tattara bayanin mutum 30, akasarinsu mata, ya wallafa a mujallar Psychological Medicine a 1979. Yawancinsu sun taɓa fama da anoreksiya, shi ya sa ya ɗauki sabuwar cutar a matsayin wani reshe nata mai hatsari. Ya kawo illolin da ya gani: raguwar sinadarin fotasiyam a jini, wadda kan iya birkita bugun zuciya, lalacewar ƙoda, farfaɗiya, kumburin gefen muƙamuƙi inda yawu ke fitowa, da baƙin ciki mai tsanani da kan kai wasu ga yunƙurin kashe kansu. A cikin wannan aiki ne ya ja hankali ga wata ƙaramar alama da yanzu ake kira da sunansa. Mai yawan sa yatsu a baki don jawo amai, haƙoran sama kan riƙa gogar bayan hannunsa, har gaɓoɓin yatsun su yi kanta ko tabo. Ba kowane majinyaci ke da ita ba, don wasu sukan iya amai ba tare da yatsa ba, amma a cutar da mai ita ke ɓoyewa saboda kunya, likitan da ya san inda zai duba yakan samu hanyar buɗe magana cikin tausasawa.

Kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya sa bulimiya a bugunsa na 1980, aka gyara bayanin a 1987 ya matso kusa da na Russell. Tsoron da ya nuna cewa cutar za ta yi wuyar magani bai tabbata gaba ɗaya ba: tun 1981 Christopher Fairburn a Okusfod ya fara nuna cewa jinyar gyara tunani da ɗabi'a tana taimaka wa da yawa.

Gwajin jinyar iyali

Aikinsa da ya fi sauya rayuwar marasa lafiya shi ne gwajin da ya wallafa a 1987 tare da George Szmukler da Christopher Dare da Ivan Eisler. Kafin lokacin, ra'ayin da ya fi yawa tun zamanin Gull shi ne a raba yarinya da iyayenta yayin jinya, ana zargin gidan ne tushen matsalar. A Maudsley aka ɗauki majinyata 80 da aka kwantar har nauyinsu ya dawo, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu jinya tare da iyalinsu, wasu su kaɗai da mai ba da shawara, na tsawon shekara guda. Sakamakon ya fito fili a rukuni ɗaya: waɗanda anoreksiya ta kama kafin su cika shekara 19, kuma ba ta kai shekara uku a jikinsu ba, sun fi samun sauƙi da jinyar iyali. Bibiyar da aka yi bayan shekara biyar ta nuna wannan fifiko bai gushe ba.

Daga nan aka samu abin da ake kira tsarin Maudsley. A cikinsa ba a ɗora wa uwa da uba laifi, su ake danƙa wa nauyin ciyar da 'yarsu a gida, su zauna da ita a kan abinci har ta ci, da haƙuri, ba tsawa, sannan a hankali a mayar mata da ragamar cinta yayin da take warwarewa. James Lock da Daniel Le Grange da abokan aikinsu sun rubuta tsarin mataki-mataki a 2001, kuma a yau shi ake fara gwadawa ga matasa a ƙasashe da dama. Ga manya da cutar ta daɗe a jikinsu, gwajin bai nuna irin wannan nasara ba, kuma har yanzu su ne suka fi wahalar jinya.

Ra'ayinsa kan sauyawar cuta

Russell ya yi imanin cewa cututtukan ƙwaƙwalwa kan sauya kama gwargwadon zamani. A wata maƙala ta 1985 ya nuna cewa tsoron ƙiba bai fito sosai a bayanan likitocin ƙarni na 19 ba, ya danganta bayyanarsa da yadda al'ummar Yammacin duniya ta koma ɗaukaka siranta a jikin mace. A ganinsa bulimiya sabuwar cuta ce da ta kunno kai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, ba tsohuwa ce da likitoci suka kasa gani ba. Wasu masana tarihin likitanci sun kawo bayanan mutanen da suka yi irin wannan ci da amai tun kafin lokacin, ciki har da Ellen West, wadda likitan Suwizalan Ludwig Binswanger ya rubuta labarin ciwonta, kuma muhawarar tana nan tsakanin masu binciken fannin.