Ruwan da rana ta gasa ba tafasasshe ba ne

A watan Afrilu, idan ka buɗe famfon tankin da ke saman ɗaki da azahar, ruwan har ƙona hannu yake yi. Sau da yawa a wurin aiki nakan ji ana cewa ai irin wannan ruwa rana ta riga ta kashe duk wata cuta da ke cikinsa. Jama'a, ba haka abin yake ba.

Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda zafi ne gidansu. A gandun dajin Yellowstone na Amurka akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi masu launin ruwan ɗorawa da ja-ja a gefensu. Launin nan na tarin ƙwayoyin halitta ne da suka shimfiɗu kamar tabarma. A can ne wani masani, Thomas Brock, shi da ɗalibinsa suka gano wata bakteriya a shekarun 1960, suka raɗa mata suna Thermus aquaticus. Ta fi sakewa a zafin da ya kai digiri 70. Ita kam ba ta sa cuta, rana ma ta yi mana: sinadarin da aka ciro daga jikinta ne ya sauƙaƙa gwajin PCR, wanda kowa ya haddace sunansa lokacin korona.

Wadda ta dame ni daban ce. Sunanta Naegleria fowleri, tana zaune a ruwan ɗumi marar gishiri, irin na kududdufi, tafki, maɓuɓɓugar ruwan zafi da tankin da ba a kula da shi. Tana hayayyafa har a zafin digiri 45, wato daidai ɗumin da muke ganin ya tsabtace ruwa. Shan ruwan ba ya kawo ta. Ta hanci take shiga, ta bi jijiyar jin ƙamshi ta haura ƙwaƙwalwa. Bayan kwana biyar ko makamancin haka sai ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, amai da sanƙarewar wuya, sak irin na sanƙarau. Ba a cika samun cutar ba, kada hankalin kowa ya tashi, amma cikin waɗanda ta kama da ƙyar ake samun mai tashi.

Abin da ya sa ya shafe mu shi ne alwala. A birnin Karachi na Pakistan an sha samun masu cutar da ba su je iyo ko'ina ba, likitoci suka danganta wasunsu da shaƙa ruwan famfo da na tanki waɗanda ba su da isasshen sinadarin kilorin. Mu ma muna shaƙa ruwa sau da dama a yini, kuma butocinmu a rana suke wuni.

Saboda haka a riƙa wanke tanki, a kankare gansakukar da ke ƙasansa, a rufe shi ruf. A zuba kilorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ba da ka ba. Inda ake shakkar ruwa, a dafa shi har ya yi ta tafarfasa na aƙalla minti 1, a bar shi ya huce a rufe. Tafasa tana kashe wannan ƙwayar, tana kashe ta kwalara da ta taifot. Wajen shaƙa ruwa kuma ba sai an zuƙe shi har can cikin kai ba.

Yara masu alkafura a kududdufi da rani, da masu zuwa wanka maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, a koya musu toshe hanci idan za su nutse, kuma kada su dama laka ta ƙasa.

Idan yaro ya yi wanka a irin wannan ruwa, bayan 'yan kwanaki ya tashi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada a tsaya sayen maganin zazzaɓi a kemis. A kai shi asibiti a ranar, kuma a gaya wa likita inda ya yi wanka da ranar da ya yi.