Simuleta: Kalmar Da Muke Fassarawa Da "Wasa" Muna Rage Mata Daraja

Kwanan nan, da zarar an turo bidiyon jirgin sama yana ci da wuta a guruf, kafin masu salati su gama sai wani ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, simuleta ce." Sau da yawa kuma gaskiyarsa. A Fabrairun 2022, farkon yaƙin Rasha da Yukiren, an yi ta yaɗa bidiyon wani jirgin yaƙi da aka ce ya kakkaɓo na Rasha a saman birnin Kiev, ashe daga DCS aka ciro shi, wata simuleta, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Da haka kalmar ta shigo bakin mutanenmu a matsayin sabon sunan ƙarya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da na ji wani mai gabatar da shiri ya yi a rediyo: "na'urar wasan kwaikwayon jirgi." Tushen kalmar daga Latin yake, ma'anarsa kamanta abu da wani, don haka "kwaikwayo" bai kauce hanya ba. Sai dai a kunnen Bahaushe kwaikwayo iri biyu ne. Akwai na yaron tela da ke bin hannun maigidansa har ya iya yanka, akwai kuma na dandali da fim. Da an liƙa masa "wasa" a gaba, an zaɓi na biyun ke nan. Ni da za a bi ta tawa, "na'urar atisayen tuƙi" za mu riƙa cewa, domin atisaye shi ne abin da soja ke maimaitawa tun da sauran lafiya saboda ranar da babu damar kuskure.

Wannan rainin ma ba yau ya fara ba. A 1929 wani matashi Ba'amurke, Edwin Link, ya haɗa na'urarsa ta koyon tuƙin jirgi a garin Binghamton da ke jihar New York. Mahaifinsa na da masana'antar ƙera fiyano da manyan kayan kiɗa masu aiki da iska, sai ya ɗebi zugazugan da ake sa musu, kusan irin na maƙeranmu, ya jera a ƙarƙashin wani akwati mai guntayen fukafukai. In ka ja sandar tuƙi, iska ta shiga wannan ta fita daga wancan, akwatin ya karkata ko ya ɗaga hanci. Ana rufe murfi a kan mai koyo, ba ya ganin komai sai agogunan da ke gabansa. Su wa suka fara saye? Masu filayen wasannin nishaɗi. Sai a 1934, da gwamnatin Amurka ta ɗora wa sojojin sama jigilar wasiƙu, matuƙa wajen 12 suka mutu cikin 'yan makonni, akasari saboda tashi da dare da cikin mummunan yanayi ba tare da horon da ya dace ba. A nan ne sojoji suka sayi guda shida. Zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, matuƙa sama da 500,000 sun yi horo a cikinsu. Rayuka aka rasa kafin a yarda cewa akwatin nan ba lilon yara ba ne.

Jikokinsa su ne manyan ɗakunan da kamfanonin jirage ke amfani da su a yau, masu tsayuwa a kan ƙafafu shida, inda ake kashe wa matuƙi inji ɗaya daidai lokacin tashi a ga yadda zai yi. Akwai kuma na gida, irin su X-Plane da Microsoft Flight Simulator, wanda ya fara fitowa a 1982, sigarsa ta 2020 kuma ta zo da filayen jirage kusan 37,000 a kan hotunan tauraron ɗan'adam. Suna ɗaya suke amsawa, amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Ta gida nake da ita: kwamfuta, sandar tuƙi, da taswira a gefe. Wani daren Asabar na ɗauki ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172 daga filin Malam Aminu Kano, na bar Dala da Goron Dutse a baya, na bi titin Bichi da Kankiya har Katsina, tafiyar kamar minti 45. Daga can na ratsa ta saman Jibiya, na hango tafkin Madarunfa, na sauka Maraɗi, kilomita 80 ko makamancin haka. Wannan zangon ya tsaya mini a rai, domin daga sama babu alamar iyaka, gonakin gero ne da ƙauyuka iri ɗaya daga nan har can. Sai na juya gabas, na bi kwalta ta Tasawa zuwa Damagaram.

A zangon ƙarshe, daga Damagaram zuwa Kano, na sauya yanayi na sa hazon hunturu mai kauri, irin wanda kan sa a soke tashin jirage a watan Janairu. Ƙasa ta ɓace, sama ta ɓace, komai ya koma launin toka. Ba abin kallo sai agogon da ke nuna karkatar fukafukai, da na tsayi, da na gudu, ido na kewaya su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗan dubi taswira na daƙiƙu kaɗan, ko da na dawo jirgin ya karkata hagu, hanci ya yi ƙasa. Darasin da Link ya gina akwatinsa dominsa ke nan, na same shi a kan teburin ɗakina. Wanda ya ce wannan wasa ne bai taɓa gwadawa ba.

Amma akwai ɓangare na biyu na ruɗanin, kuma shi ya fi ba ni tsoro: samarin da ke cewa tunda sun sauke Boeing sau ɗari a kwamfuta, in aka ba su na gaske za su iya. Kujerata ba ta motsi. A jirgin gaske cikin hazo, cikin kunnen mutum da ke kula da daidaiton jiki yakan yaudare shi, ya ji kamar a miƙe yake alhali yana juyawa, sai ya yi kokawa da jikinsa kafin ya gaskata agogo. Allon gida ba ya koyar da wannan, ba ya kuma koyar da fargabar sanin cewa babu maɓallin sake farawa. Shi ya sa awannin da na tara a ɗaki ba sa shiga littafin lissafin awannin matuƙi. Mai neman lasisi a nan ƙasar, hanyarsa ita ce makaranta irin Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, inda malami zai zauna a gefensa a cikin jirgi na gaske.