Joe Thomas: ɗan wasan da ya shekara goma bai huta ko sau ɗaya a fili ba

A ƙwallon zari-ruga ta Amurka akwai ƙarti biyar da ke tsugunawa a gaban kowace ƙungiya idan za ta kai hari. Ba sa cin maki, kyamara ma ba ta cika bin su ba. Joe Thomas na ƙungiyar Cleveland Browns yana cikin waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki a tarihin gasar NFL.

Da farko, mene ne aikin waɗannan mutum biyar?

Kowace ƙungiya tana sa 'yan wasa goma sha ɗaya a fili. Mai hari tana da dama huɗu ta ciyar da ƙwallo gaba yadi goma, in ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Biyar daga cikin sha ɗayan nan su ne katanga. Na tsakiyarsu shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga mai jifa, wanda ake kira kwatabak, sannan akwai biyu a damansa, biyu a hagunsa. Idan jifa za a yi, su tare masu zuwa kayar da mai jifa. Idan gudu za a yi da ƙwallo, su ture mutane su buɗe hanya. Wanda ya saba kallon kokawa zai gane abin nan da nan: sa hannu a ƙirji, dasa ƙafa, hana abokin karawa ya ɗaga ka. Sai dai a nan doka ta hana riƙo. Ka damƙi mutum ka ja shi, alƙalin wasa ya jefa tuta, a mayar da ƙungiyarku baya yadi goma, kuma ya faɗi lambarka a lasifika kowa ya ji. Yawanci lokacin ne kaɗai 'yan kallo ke jin labarin ɗan katanga.

Me ya sa ake ba na can ƙarshen gefen hagu muhimmanci haka?

Saboda mafi yawan masu jifa da hannun dama suke jifa. Idan mai jifa ya juya zai saki ƙwallo, ƙeyarsa tana kallon hagu, ba ya ganin wanda ke tahowa ta can. Ƙungiyoyi kuwa sukan ajiye ɗan tsaronsu mafi zafin nama a wannan ɓangare. Daƙiƙa biyu zuwa uku kawai mai jifa yake buƙata, kuma na gefen hagu ne zai saya masa su, sau da yawa shi kaɗai ba mataimaki, yana ja da baya yayin da wani ƙato ke taho masa a guje. Wannan shi ne gurbin Thomas, da riga mai lamba 73. Tsayinsa ya kusa mita biyu, nauyinsa wajen kilo 140.

Ta yaya ya shiga NFL?

An haife shi ranar 4 ga Disamba, 1984, a Brookfield da ke jihar Wisconsin, ya kuma yi wa jami'ar Wisconsin wasa. A 2006 ya ci kyautar Outland, wadda ake ba gwanin 'yan katanga na jami'o'i. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2007, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi a bara take fara ɗauka, Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell, Detroit Lions ta ɗauki Calvin Johnson, Cleveland ta ɗauki Thomas a matsayin na uku. A birnin New York aka yi taron, manyan samari duk sun je da kwat da wando ana ɗaukar su hoto. Shi kuwa bai je ba. Yana cikin jirgin ruwa a tafkin Michigan yana kamun kifi da mahaifinsa aka kira shi a waya.

Lambar nan 10,363 da ake yawan ambata, ta mece ce?

Duk lokacin da na tsakiya ya miƙa ƙwallo aka kacame, an kai hari ɗaya ke nan, kuma ƙungiya takan yi sittin da wani abu a wasa guda. Tun daga wasansa na farko a 2007, Thomas bai taɓa barin ko guda ɗaya ya wuce shi ba har sau 10,363 a jere, cikin wasanni 167. Ba a taɓa rubuta wa wani ɗan wasa jeri mai tsawon wannan ba. A duba abin da hakan ke nufi: bai taɓa fita don ya sha iska ba, bai fita don takalmi ya cire ba, bai fita don an riga an lallasa su babu sauran fata ba. Gwiwoyinsa sun sha wahala, a shekarunsa na ƙarshe ma ba ya iya yin atisaye sosai a tsakiyar mako, amma ranar Lahadi yana nan. Jerin ya yanke ne ranar 22 ga Oktoba, 2017, a wasa da Tennessee Titans, lokacin da jijiyar bayan damtsensa na hagu ta tsinke. Bai sake buga wasa ba, a watan Maris na 2018 ya sanar da ritaya.

To kofi nawa ya ci?

Ko ɗaya. Bai ma taɓa buga wasan zagayen neman kofi ba, kuma a ganina nan ne labarinsa ya fi daɗin ji. A shekararsa ta farko Browns ta ci wasa 10 ta sha kashi a 6, da kyar gurbin ya kuɓuce mata. Daga nan ba ta sake gama kaka da nasara fiye da rashin nasara ba har ya tafi. A 2016 wasa ɗaya tak ta ci cikin 16, a 2017 ba ta ci ko ɗaya ba. Ya yi aiki ƙarƙashin kociya shida, ya kare ƙeyar masu jifa ashirin daban-daban, wasu kafin ya gama sanin salonsu an sallame su. Wani a matsayinsa da tuni ya tada ƙayar baya a sayar da shi. A 2015 an yi ta rahoton cewa Denver Broncos na neman sa, cinikin bai faɗa ba, Denver kuma ta je ta ɗauki kofin Super Bowl a wannan kakar.

In babu kofi, babu maki, da me aka gane gwani ne?

Da shaidar waɗanda suka kara da shi da masu nazarin faifan wasa. An zaɓe shi zuwa wasan taurari na Pro Bowl sau goma a jere, daga kakarsa ta farko, sannan sau shida yana shiga jerin gwanayen gasar na sahun farko. Ƙarfi kowa a gurbin nan yana da shi. Abin da ya bambanta Thomas shi ne ƙafa da natsuwa: takunsa na ja da baya iri ɗaya ne kullum, ba ya saurin kai hannu, ba a yaudararsa da karya-kwana. Ƙungiyar ta san abin da take da shi, shi ya sa a 2011 ta ba shi kwantiragin shekara bakwai na kusan dala miliyan 84.

Yaya rayuwarsa ta kasance bayan ya ajiye wasa?

Abu na farko da mutane suka lura shi ne ramarsa. Ya sha faɗa cewa nauyin nan ba na halitta ba ne, tilasta wa kansa cin abinci yake yi dare da rana don kada ya zube. Da ya daina, sai ya sauke fiye da kilo 20, har wasu ba sa gane shi a talabijin, inda ya koma sharhin wasanni. Tun kafin ritaya ya fito fili ya ce yana fama da mantuwa, kodayake bai ce lallai karo da kai ne ya jawo ba. A 2023, shekarar farko da ya cancanta, aka shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio, tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga filin da ya yi duk wasanninsa na gida.