Furannin Lokaci da Masu Fure Duk Shekara

Furannin lokaci su ne tsirrai, na daji ko na lambu, waɗanda ba sa huda sai a wani sashe na shekara. Ƙalilan ne ke fure kusan ba yankewa muddin akwai ɗumi da ruwa. Abubuwa uku ne suka fi tsara lokacin: tsawon dare, sanyi, da saukar ruwan sama bayan fari.

Tarihin bincike

A 1920 masana biyu na Ma'aikatar Noma ta Amurka, Wightman Garner da Harry Allard, suka wallafa bincikensu kan wani irin taba mai suna Maryland Mammoth. Tabar takan yi tsawo a gona duk lokacin zafi ba ta yi fure ba, amma a ɗakin gilashi cikin hunturu sai ta huda tun tana gajera. Suka riƙa shigar da ita ɗaki mai duhu kullum kafin rana ta faɗi, sai ta yi fure. Suka danganta hakan da tsawon yini.

A 1938 Karl Hamner da James Bonner suka nuna cewa daren ne shuka ke aunawa, domin haske na ɗan lokaci a tsakar dare ya isa ya hana ta fure. Wajen 1936 kuma Mikhail Chailakhyan na Tarayyar Sobiyet ya ce ganye ne ke aika saƙon yin fure zuwa kan reshe. Sai a 2007 aka tabbatar da sinadarin da ke ɗauke da saƙon.

Rabe-rabe

Masu son dogon dare, kamar kirisantimom ta ƙasar Sin, fonsetiya ta Meksiko da yakuwa, suna huda idan yini ya fara raguwa. Masu buƙatar sanyi, irin su tulif, ba sa fure sai albasarsu ta yi mako 12 zuwa 16 a sanyin da bai wuce digiri 9 na ma'aunin Celsius ba.

A yankunan zafi tsawon yini bai cika sauyawa ba, don haka ruwa ne ke da ta cewa. A dajin sabana na Afirka ta Yamma, bishiyar gurjiya tana zubar da ganye ƙarƙaf da rani, sannan jajayen furanni su fito a kan rassa tsirara. Shukar rawaya takan fitar da furenta a dab da ƙasa, galibi bayan gobarar daji. Tsiron da ake kira gatarin kurege sai damina ta kankama yake huda, shi kuwa gahawa kwanaki kaɗan bayan ruwan farko.

Masu yi duk shekara sun haɗa da Catharanthus roseus na Madagaska, Hibiscus rosa-sinensis da lantana, in dai babu sanyin ƙanƙara.

Tsara lambu

Ba shuka ɗaya ake dogaro da ita ba. Ana haɗa iri-iri ta yadda wata na ƙarewa wata na farawa, a kuma riƙa shuka masu gajeren rai duk bayan mako 2 zuwa 3. Yawancinsu na buƙatar rana ta aƙalla awa 6. A riƙa tsinke furen da ya yanƙwane, domin da zarar shuka ta fara ɗaura iri sai ta rage huda.

Rashin fure yakan samo asali ne daga kulawar da ta yi yawa. Taki mai yawan naitrojin, irin su yuriya, yana sa ganye ya yi shar, fure kuwa babu. Buganbiliya da ake wa ban-ruwa kullum ita ma ganye take yi. Sai an bar ƙasarta ta bushe tsakanin ban-ruwa. Fonsetiya na son duhu na awa 14 kowane dare har kusan wata biyu, kuma fitilar titi kaɗai na iya ɓata aikin. Albasar tulif da aka ajiye a firji kusa da 'ya'yan itace masu nuna takan lalace, saboda iskar da suke fitarwa tana kashe tohon furen da ke ciki. Sassabe rassa bayan toho ya ɗauru kan jawo asarar furen shekarar.

Saɓani

Masu lambu sun rabu kan fifita tsirran asali ko baƙi. Lantana, wadda asalinta yankunan zafi ne na nahiyar Amurka, ta zama ciyawa mai mamaye daji a Afirka, Indiya da Ostareliya.