Hawa sama ba ya ƙara zafi

Tun muna yara muke jin cewa wanda ya hau sama ya fi shan zafi, wai don ya matso kusa da rana. Ba haka ba ne. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, me hawa Dutsen Dala zai rage?

Hasken rana ratsa iska yake yi ya gasa ƙasa, ita kuma ƙasar ta ɗumama iskar da ke kanta. Taɓa kwaltar bakin Kantin Kwari da azahar a watan Afrilu, ka ji inda zafin yake kwance. Iskar da ta tashi sama kuwa buɗewa take yi ta huce. A matsakaici, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace kilomita da aka hau. Shi ya sa Jos, da ke kan tudu, ta fi Kano sanyi.