Me samari da 'yan matan Japan ke nema a wurin abokin aure?

Shin suna son auren ma kuwa?

Suna so. A binciken da cibiyar nazarin yawan jama'a ta gwamnatin Japan ta yi a 2021, sama da kashi 80 cikin ɗari na marasa aure masu shekara 18 zuwa 34, maza da mata, sun ce suna da niyyar yin aure. Sai dai ana jinkirtawa: namiji kan yi auren fari yana wajen shekara 31, mace kuma tana dab da 30. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 28 na maza da kusan kashi 18 na mata sun kai 50 ba su taɓa aure ba.

Me suke fara dubawa?

Hali, wato ɗabi'a. A nan bakinsu ɗaya.

To a ina suka rabu?

A da bambancin a fili yake. A shekarun 1980, lokacin da kuɗi ya wadata, an san mata da neman abu uku: ilimi mai zurfi, albashi mai tsoka, da tsayi. Namiji kuwa mai kula da gida yake nema. Yanzu kowa ya shiga gonar ɗan'uwansa. A binciken 2021, kashi 70 na mata sun ce suna ba wa iya aikin gida da rainon yara muhimmanci sosai a wurin namiji, alhali a 2015 ba su kai kashi 58 ba. Kusan rabin maza kuma sun ce suna duba abin da mace ke samu.

Me ya sa maganar albashi ke ɓata lamarin?

Mace ta san idan ta haihu, samunta zai ragu, wataƙila ta koma aikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa take neman mai aikin dindindin. Matsakaicin albashi a ƙasar bai kai yen miliyan 5 a shekara ba, kuma samari na ƙasa da haka. Wadda ta sa sharaɗin miliyan 6 ta zubar da mafi yawan manema tun ba ta gan su ba. Masu aikin kwantiragi ne suka fi shan wahala, wasu tun kafin a ƙi su sun janye. Ga kuma tufka da warwara: kamfanin da ke biya da kyau shi ne ke riƙe mutum har dare, to yaushe zai dawo ya yi wa jariri wanka?

Ta yaya ake tantance mutum?

Kamfanonin dalilin aure ba sa yarda da fatar baki. Sai ka kawo takardar shaidar rashin aure daga ofishin gunduma, da shaidar albashi, da ta kammala karatu. Haɗuwar farko galibi a zauren shan shayi na otal ake yinta, kamar awa guda, daga baya kowa ya faɗa wa dalilinsa ko a ci gaba. Akan so a yanke shawara cikin wata uku zuwa shida. Manhajoji irin su Pairs sun fi arha, amma ana samun masu aure da ke ɓoyewa, shi ya sa manhajar da gwamnatin Tokyo ta buɗe a 2024 ta wajabta takardar shaidar rashin aure da ta albashi.

Dangi fa?

Wasu matan na ɗari-ɗari da ɗan fari, don bisa al'ada shi ke ɗaukar nauyin iyaye idan sun tsufa, aikin kuma kan matarsa yake faɗawa. Sai batun suna: doka ta tilasta wa ma'aurata sunan iyali ɗaya, kuma a kusan kashi 95 na aure mace ce ke sauyawa, har da fasfo da asusun banki.