Baƙin da ke gefen tayil ɗin banɗaki ba dauɗa ba ne

Jama'ar Sakkwato, wanga baƙin da ke fitowa kan silikon ɗin da ake liƙe gefen tayil da wajen wanke hannu, mutane da yawa sun ɗauka dauɗa ce, sai ka ga an ɗauko Hypo da buroshi ana ta gurza, ya yi fari, bayan sati biyu ya dawo a ce yara ne ba su wanke banɗaki da kyau. Wallahi ba laifin yaran ba ne. Fumfuna ce, abu ne mai rai, danshi da ragowar sabulu take ci. Hypo na kashe ta saman ya gusar da launin, amma wadda ta shige cikin silikon tana nan.

Wasu kuma su ce ai zafin garin nan ba zai bari ta yi ba, to banɗakin da ba taga kullum a rufe, musamman da damina, ina ruwanshi da ranar waje?

In an gama wanka a share ruwan da tsumma, a bar ƙofa buɗe iska ta shiga. In fumfunar ta riga ta ci ciki, a kankare tsohon silikon, wurin ya bushe sarai sannan a sa sabo. Don Allah kada a haɗa Hypo da Harpic, hayaƙin guba ne.